Tara takardun shaida ba shi ne iya tunani ba

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani a 2023, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, matasan Katsina suka yi ca a kan kwasa-kwasan intanet. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Al-Qalam, kowa da Coursera ko YouTube a waya. Madalla. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda da yawa suka mayar da karatun tseren tara takardun shaida don liƙawa a Facebook.

Abin da masaniyar kimiyyar kwamfuta Jeannette Wing ta yi wa duniya nuni da shi a 2006 salon tunani ne: ka farfasa babbar matsala, ka gano abin da ke maimaita kansa, ka watsar da abin da bai shafe ta ba, ka jera matakan da kowa zai bi ya kai ga amsa. A darasin farko na kwas ɗin kwamfuta na CS50, wanda Jami'ar Harvard ke bayarwa kyauta, malamin kwas ɗin David Malan kan yaga kundin lambobin waya gida biyu, ya jefar da rabi, ya sake yagawa, har ya iso ga sunan da yake nema. Kallo da daɗi. To amma aikin gida na biye, kuma a nan ake cika wando da iska, ko a tura wa ChatGPT ya yi. Wanda bai taɓa kwana yana neman inda lissafinsa ya karkace ba, me ya koya?

Wannan tunani ma ba baƙo ba ne a garin nan. Muhammad bin Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta da Larabci a 1732 hanyoyin gina hatimi, yadda jimillar lambobi za ta zo daidai tsaye, kwance da karkace. Ƙa'ida ce mataki-mataki, da alƙalami da tawada kawai.

Shi ya sa kukan tsadar data da rashin wuta, duk da gaskiya ne, bai gamsar da ni ba. Bidiyo ke cin data, atisaye kuwa takarda da biro sun isa a fara. Da ni ke ɗaukar ma'aikata, da sai in ture takardun gefe, in miƙa wa mai nema littafin bashin wani mai shago a Ƙofar Ƙaura, in ce ya rubuta mini matakan gano wanda ya fi daɗewa bai biya ba.