Ijtihadi a Kan Libarba: Nazarin Wata Al'adar Maharban Amurka

Duk wanda ya taɓa zama kusa da maharbi irin namu ran da yake shirin shiga daji, ya ga yadda yake auna albarushi, ya ɗura a bakin adaka, ya bi da tsumma ya danna da sanda, ba zai yi mamaki ba in aka ce masa a Amurka akwai jama'ar da har yau, alhali kantuna cike suke da harsashin masana'anta, sun fi son su cika nasu da hannunsu. Abin da zai ba shi mamaki shi ne yadda wannan ɗabi'a, wadda talauci da nisan gari suka haifa, ta zama fanni mai shaihunai da littattafai da saɓanin malamai, har ta kai ga mutum ya ɗauki libarba sabuwa fil ya kai wa maƙeri ya sake mata halitta.

Asalin lamarin lissafi ne. Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da 'yar hular da ke tayar da wuta a gindinsa, da albarushi, da dalmar da ke fita. Idan aka harba, uku sun tafi, amma kwanson, wanda galibi shi ne mafi tsada, yana nan a cikin gangar libarba yana jiran a sake cika shi. Makiyayin da ke kwana da kwanaki tsakaninsa da kanti bai ga hujjar jefar da shi ba, shi ya sa tun 1884 kamfanin Ideal, wanda John Barlow ya kafa, ya shiga sayar da 'yan kayan aikin hannu na zuba dalma da cika kwanso. Akwai ma wani abin ban dariya a nan, domin hular da ta sauƙaƙa wa Amurkawa wannan aiki ƙirƙirar Edward Boxer ce, hafsan Ingila, ita kuwa wadda Ba'amurke Hiram Berdan ya ƙirƙira, mai wuyar cirewa, a Turai ta sami karɓuwa.

Limamin wannan mazhaba, ba tare da jayayya ba, shi ne Elmer Keith, wanda aka haifa a 1899, ya tashi a Montana, ya yi kiwo da jagorancin mafarauta a Idaho, ya rasu a 1984. Yana saurayi ya cusa wa wata tsohuwar libarbar Colt mai lamba .45 dalma mai nauyi wadda aka yi domin doguwar bindiga, ta fashe a hannunsa, Allah ya yi da sauran kwanansa. Wani da ya tuba daga nan. Shi kuwa sai ya zauna ya yi ƙiyasi, ya lura cewa tun da faɗin gangar ɗaya ne, to duk yadda ramukanta suka ƙara faɗi haka bangon da ke tsakaninsu zai ƙara sirancewa, saboda haka ya koma ga .44 Special, wanda raminsa ya ɗan fi ƙanƙanta, ƙarfen da ke kewaye da shi kuma ya fi kauri. Ya zana dalma mai faffaɗan kai da kafaɗa mai kaifi, wadda har gobe ake kira da sunansa, sa'an nan, da taimakon Harold Croft na Philadelphia da maƙerin bindiga R. F. Sedgley, ya fito da libarbar nan da ake ce wa Lamba Biyar, wadda aka harhaɗa mariƙinta daga samfurin Colt iri biyu. Ya bayyana ta a mujallar American Rifleman a 1929 ƙarƙashin take mai ma'anar magana ta ƙarshe, take wanda tarihi bai yi masa adalci ba, ko kuwa mu ce shi ne bai yi wa tarihi adalci ba.

A nan ya kamata mai nazari ya tsaya ya yi insafi. Ilmin mutanen nan na farko tajriba ce tsantsa, kuma mizaninsu mai rauni ne ƙwarai, domin ba su da na'urar auna matsin da ke cikin ganga lokacin da albarushi ya kama. Suna dai duban kwanso ko ya maƙale, da hula ko ta baje, su ce lafiya lau. Hujjar da ke cewa abu halal ne saboda bindigar ba ta fashe ba jiya, hujja ce da ba ta hana ta fashewa gobe. Ga kuma matsalar ruwaya. Labarin da ya fi shahara a kan Keith shi ne cewa ya sami wata barewa, wadda wani ya riga ya raunata, daga nisan yadi 600 da libarba, kuma tun daga lokacin masoyansa ke gaskatawa, masu inkari na musantawa. Ni dai a ganina ba ingancin labarin ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne almajiran da suka ɗauki karamar shaihu suka mayar da ita sunna, suna harbin dabba daga nisan da ba su da ikon kashe ta nan take.

Duk da haka, ijtihadin nasu ya ci, kuma alamar cinsa ita ce masana'antu sun bi sahu. A 1935 Smith & Wesson ta fito da .357 Magnum, bayan gwaje-gwajen Keith da Phil Sharpe a kan .38 Special, kuma a ƙarshen 1955, da haɗin gwiwar Remington, ta fito da .44 Magnum, abin da Keith ya shafe shekaru yana roƙo. Hikimar da ta fi burge ni a cikin wannan duka ƙarama ce a ido: an ƙara wa kwanson tsawo da kimanin sumunin inci, ba don albarushi ya rasa wuri ba, sai don kada sabon harsashin ya shiga ramin tsohuwar bindigar da ba za ta iya ɗaukarsa ba. Wanda ya karanta usulu a mazhabar Malikiyya zai gane wannan nan take, saddu zari'a ne, toshe ƙofar ɓarna tun kafin a isa gare ta. Kuma toshewar ta wajaba, domin ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin masana'antun, ta iyakance matsin .44 Special a fam 15,500 kan kowane inci murabba'i, na .44 Magnum kuwa fam 36,000.

Da a nan aka tsaya, da sai a ce buƙata ta biya. Amma tun kafin fim ɗin Dirty Harry na 1971 ya sa mutanen birni rububin sayen .44 Magnum, Dick Casull ya riga ya koma ga .45 ɗin da Keith ya guda, ya warware matsalar siririn bango ta hanyar rage ramukan ganga daga shida zuwa biyar. Wannan dabara ita ce ginshiƙin sana'ar maƙeran gyara har yau: su ɗauki libarbar Ruger, su faɗaɗa gurbin ganga, su ƙera sabuwa mai ramuka biyar ta yadda tsagar makulli za ta faɗa tsakanin ramuka inda ƙarfe ya fi kauri, su huda kowane rami daidai da saitin bututu, su gyara kunama ta yi laushi. Harsashin .454 Casull, wanda matsinsa ya kai fam 65,000, bai sami bindigar masana'anta ba sai a 1983, daga Freedom Arms ta Wyoming. A 1986 John Linebaugh, shi ma a Wyoming, ya datse kwanson doguwar bindiga ya fito da .500 Linebaugh, kuma a 2003 Smith & Wesson ta sake bin sahu da .500 Magnum, bindiga mai nauyin kusan kilo biyu.

To, libarbar da ta kai kilo biyu ta rabu da illar da ta sa aka ƙirƙire ta, domin falalarta tun asali ita ce tana rataye a ƙugu sa'ad da hannuwa ke riƙe da linzami ko gatari. Mutumin Alaska da ke tsoron beyar yana da uzuri, amma akasarin masu sayen waɗannan manya takarda suke harbi a filin atisaye, shurinta kuwa yana koya wa mutum runtse ido tun kafin ya ja kunama. Linebaugh kansa, a yi masa adalci, ya riƙa karantar da cewa faɗin dalma da nauyinta su ke aiki, ba tsananin gudu ba. Shi ya sa yau, idan ka leƙa ɗakin mai cika harsashi wanda ya mallaki irin waɗannan bindigogi, sau da yawa za ka tarar da shi gaban ɗan sikelinsa, littafin awon albarushi na Lyman a buɗe, yana neman awon da ke can ƙasan jadawali, wanda wuyan hannunsa zai iya jurewa har harbi hamsin.