Fitilun babban kanti da rufin asirin mai cefane

Littafin da nake son mu duba a wannan fitowa ƙarami ne, bai kai shafi 100 ba, malami yana iya karance shi tsakanin azahar da magariba. Sunansa Regarde les lumières mon amour, na Annie Ernaux, marubuciyar Faransa wadda ta samu kyautar Nobel ta adabi a 2022. Ya fito a 2014. Ba ƙagaggen labari ba ne. Daga watan Nuwamba na 2012 zuwa Oktoba na 2013, marubuciyar ta riƙa rubuta abin da idonta ya gani duk lokacin da ta je cefane a babban kantin Auchan na Trois-Fontaines, a garin Cergy, kusa da birnin Paris. Sunan littafin ma a bakin wata uwa ta tsince shi, tana nuna wa ƴarta fitilun da aka ƙawata wurin da su gabanin Kirsimeti.

Mai karatu yana iya tambaya: mene ne haɗin adabi da sayen gishiri da sabulu? Ernaux da kanta ta tayar da wannan tambaya, ta kuma amsa cewa cefane aikin mata ne tun fil azal, shi ya sa manyan marubuta suka daɗe ba su ga darajarsa ba. Gaskiya ce, ko da yake ba duka ba. Tun a 1883 Emile Zola ya rubuta Au Bonheur des Dames a kan babban kantin tufafi. Sai dai kantin Zola fada ce ta siliki da kwalliya. Kantin abinci kuwa, irin wanda Carrefour ya fara buɗewa a Sainte-Geneviève-des-Bois a 1963, ya yi shekaru yana jiran wanda zai ɗauke shi da muhimmanci.

Inda littafin ya fi ƙarfi, a ganina, shi ne yadda ta karanta tsarin kantin kamar yadda muke koya wa ɗalibai karanta matani. Haske, faɗin hanya, launin alluna, wurin da aka ajiye kowane kaya, duk magana suke yi, kuma ba da murya ɗaya suke yi wa kowa ba. Sashen wasannin yara an raba shi biyu, motoci da kayan jarumta ga maza, ƴan tsana da kayan girki ga mata, tun yaro bai iya karatu ba an riga an karantar da shi. Adon kantin yana canjawa da lokutan shekara, daga Kirsimeti zuwa Ista zuwa komawar makaranta, kullum yana riga mutane sanin abin da za su yi marmari. Amma shafukan da suka tsaya mini a rai su ne na sashen kayan araha. Nan babu ado, babu lallashi. An zube kaya kamar yadda suka zo, mutum ya ɗiba ya auna da kansa, a samansa kuwa ga gargaɗi mai kaushi game da ɗanɗana kaya da kuma maguɗi a awo. Wato mai kuɗi ana rarrashinsa, mai ƙaramin ƙarfi ana zarginsa tun bai taɓa kome ba, kuma duk a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ba haka kawai wannan ya dame ta ba. Ernaux ɗiyar masu kanti ce. Iyayenta sun riƙe ƙaramin shagon kayan masarufi haɗe da wurin shan kofi a Yvetot, cikin Normandi, kamar yadda ta bayyana a La Place. Ta san shagon da ake cin bashi a cikinsa, inda mai shago ya san wanda wata ya yi wa nisa. Mu ma mun san shi: babu malamin da bai taɓa cewa mai tebur na unguwa ya rubuta sai an yi albashi ba. A irin wannan ciniki akwai mutunci, akwai kuma kunya, domin wanda ya rufa maka asiri ya san asirin. Babban kanti ya zo da alkawarin raba mutum da wannan kunya. Ba wanda ya san ka, ba tayi, ba albarka, ka ɗauki kaya ka mayar ba mai harararka. To amma a wurin biya sai asirin ya tonu ta wata hanya. Duk abin da ka saya sai ka baje shi a gaban na bayanka, su ga abin da gidanka ke ci, su ƙiyasta yawan bakunan da kake ciyarwa, su gan ka idan kuɗin bai kai ba ka rage wani abu. Marubuciyar ba ta ce shagon iyayenta ya fi ba, ba ta kuma la'anci na zamani ba. Ta ma amsa cewa tana jin daɗin shiga cikin taron, domin babu wani wuri a Faransa da ke haɗa jinsi-jinsin mutane kamar nan. Wannan adalci nata ya burge ni.

Duk da haka ina da ƙorafi. Littafin idon mai saye ne daga farko har ƙarshe. Masu jera kaya tun da asuba da mata masu karɓar kuɗi suna giftawa ne kurum, har a inda take magana a kan na'urorin biya da kai waɗanda ke neman cinye aikinsu. Wanda yake son jin muryarsu sai ya nemi Les tribulations d'une caissière na Anna Sam, wanda ya fito a 2008, ita da ta yi shekaru takwas tana wannan aiki. Haka nan rushewar ginin Rana Plaza a Bangladesh a watan Afrilu na 2013, inda masu ɗinki fiye da 1,100 suka mutu, aka kuma tsinci tambarin tufafin Auchan a cikin ɓaraguzai: ta kawo labarin a ƴan layuka, ta wuce. Na san da gangan ta yi, salonta ke nan na rubutu maras kwalliya. Amma a nan taƙaitawar ta yi kama da ta mai cefanen da ya ji labari a rediyo, ya girgiza kai, ya ci gaba da tura kekensa.

Ga abokan aiki masu koyar da Faransanci a lise, littafin yana da sauƙin harshe, jimlolinsa gajeru ne, ana iya yanko shafi biyu a yi darasin siffantawa da su. Ni na gwada da shafukan sashen araha. Daga nan na aiki ɗalibai kasuwa, kowa ya rubuto da Hausa yadda aka jera kaya a rumfa ɗaya da dalilin jerin. Wata yarinya ta dawo da bayanin cewa mai tumatir yana ɗora manya a saman kashi, ƙananan da suka fara laushi kuwa yana ware su a gefen tabarma, inda mai ɗan canji zai iya nunawa da yatsa ba tare da ya buɗe baki ba.