Gwanintar Masu Raya Tsohuwar Kwamfuta

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibanmu da masu shagunan buga takardu ba a kwali suka zo ba. Sun gama aikin ofis a Turai ko Amurka aka sallame su, suka sauka Legas, suka ratsa kasuwar Computer Village ta Ikeja, kafin su iso Titin Beirut a Kano da sauran kasuwannin Arewa. Duba jikinsu za ka ga sunayen da kowane mai gyara ya haddace: Dell Latitude E6420, ThinkPad T420, HP EliteBook 8470p, ƙirar 2011 da 2012. Sun ba shekara goma baya, amma har gobe da su ake cike fom ɗin makaranta, ake duba sakamakon jarrabawa, yara kuma suke saba hannu kafin JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Ingancin ƙira ya taimaka, amma abin da ya kawo su yau shi ne hannun mutanen da suka iya lallaɓa tsohon inji ya ɗauki kayan zamani. Ni a wurina gwanintarsu ta fi ƙarfin yabon da ake yi mata.

Kukan masu kawo gyara kusan ɗaya ne: "Oga, ta yi nauyi, ko shafi ɗaya ba ta iya buɗewa." Gaskiyar magana, injin yana nan yadda aka ƙera shi. Intanet ɗin ce ta yi ƙiba. Shafin da a da rubutu ne da 'yan hotuna, yau nauyinsa ya haura megabait 2, kuma kaso mai tsoka na wannan nauyin umarni ne na JavaScript da dole kwamfutarka ta karanta ta aiwatar da kanta. Ga tallace-tallace, ga bidiyon da ke kunna kansa ba a tambaye shi ba, ga 'yan leƙen asirin kamfanonin talla masu bin sawun inda ka shiga. Burauza irin su Chrome kuma kusan kowane shafi suna ware masa nasa gurbin a ƙwaƙwalwa, domin idan ɗaya ya faɗi kada ya ja sauran. Tsari ne mai kyau, sai dai yana da ci.

A nan ake fara gane gwani. Wanda bai iya ba, da ka ajiye kwamfuta zai ce sai an yi fomatin, ya share komai ya ɗora sabon Windows, bayan mako biyu ka dawo da kukanka na farko. Gwani bai taɓa sukudireba sai ya yi tambaya. A ina take maƙalewa? Wajen tashi ne, ko sai an buɗe shafuka da yawa? A bidiyo take sarƙewa? Ko da farko lafiya lau take gudu, sai ta yi rabin awa sannan ta fara jan ƙafa? Kowace amsa wani wuri take nuna masa. Sai ya buɗe Task Manager, ya buɗe shafuka uku ko huɗu, ya zuba ido a kan layuka uku: furosesa, RAM da faifan ajiya. Wanda ya fara cika maƙil shi ne mai laifi, kuma a kansa kaɗai za a kashe kuɗi.

Sau da yawa faifan ajiya ne. Tsohon faifai mai juyawa ne, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wata allura da ke kai-kawo tana neman inda aka rubuta abu. Burauza kuwa ba ta daina rubutawa da karanta dubban ƙananan fayiloli, don haka allurar ba ta hutawa, kai ma ba ka huta da jira ba. Idan aka cire shi aka sa SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, gudun karatu yakan tashi daga wajen megabait 100 a daƙiƙa zuwa wajen 500, a kan ƙananan fayiloli kuwa ratar ta ninka haka nesa ba kusa ba. Kwamfutar da a da sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo, yanzu kafin ka gyara zama ta tashi. Mai gyara na kirki ba ya riƙe tsohon faifan. Yakan sa maka shi a ɗan gida mai igiyar USB ya zama ma'ajiyar waje, ko ya cire injin DVD da babu mai amfani da shi yanzu ya zaunar da shi a gurbin.

RAM kuma kamar teburin tela yake: in ya yi ƙanƙanta, sai an naɗe wannan yadin an ajiye a ƙasa kafin a shimfiɗa wancan, aiki ya tafi a naɗewa da warwarewa. Gigabait 2 ba ya kai mutum ko'ina a intanet ɗin yau, 4 maleji ne, a 8 ake samun sararawa. Sai dai ƙara shi yana da ƙa'ida. DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, domin tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. A cikin DDR3 ɗin ma akwai mai cin wuta bolt 1.5, akwai DDR3L mai cin 1.35, kuma kwamfutocin da suka fito da furosesar Intel zubi na huɗu wannan na biyun suke so. Sa musu na farkon, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Gwani ya kuma san cewa Windows mai bit 32 ba ya iya amfani da abin da ya wuce wajen gigabait 4, don haka kafin ya sa ka sayi ƙari sai ya duba wane iri ne a kai.

Aikin da na fi son kallo shi ne na zafi, domin a nan natsuwar hannu take bayyana, kuma a nan yanayin ƙasarmu ya shigo maganar. Injin da aka ƙera don ofis mai sanyi ya zo ya sha ƙurar hunturu shekara da shekaru, sannan ya shiga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano. Furosesa idan zafinta ya doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Wannan ne sirrin kwamfutar da ke fara aiki garau sannan ta fara jan ƙafa.

Mai gyara zai cire batir tukuna, ya kifa ta a kan tsumma mai laushi. Yana kwance kusoshi yana jera su bisa tsarin da ya ciro su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma doguwa in ta shiga ramin gajeriya tana iya huda allon injin. Ya ɗaga murfi a hankali, ya zare siraran igiyoyin nan da farce, ba ya fizga. Tsakanin fanka da haƙoran tagulla inda iska ke fita, nan zai zaro wani dunƙulen ƙura da ya toshe hanya ruf. Ya kaɗe da buroshi, ya dafe fukafukan fankar da yatsa kafin ya hura iska, don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Sannan ya kwance ƙarfen da ke kwance a kan furosesa. Man da aka shafa tsakaninsu tun a masana'anta, wanda aikinsa miƙa zafi daga wannan zuwa wancan, ya bushe ya zama ɓawo. Ya goge shi tas da auduga da sifirit har ƙarfen ya yi ƙyalli, ya ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa, ya mayar da ƙarfen. Kusoshinsa huɗu akwai lamba a gefen kowace, kuma bi da bi yake ɗaure su, kaɗan-kaɗan, don man ya bazu daidai. Yaron shago da ke tsaye yana kallo, a wannan ɗaurin kusoshin yake koyon haƙurin sana'ar. In aka kunna, fankar da ke ihu ta koma numfashi a hankali.

Akwai kuma ciwon da maganinsa bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Mace ta zo a tsorace, kowane shafi ta buɗe sai jan gargaɗi ya tare ta cewa haɗin ba amintacce ba ne, an ce mata ƙwayar cuta ce ta cinye injin. Mai gyara ya kalli kusurwar allo ya ce, "Hajiya, duba kwanan watan nan." Kwamfutar ta koma shekarar da aka ƙera ta. Wani ɗan batir ne mai faɗin kwabo, galibi CR2032, ke riƙe agogo idan an kashe inji, kuma ya mutu. Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, to agogon da ya ɓata sai ya ga duk takardun ba su yi daidai ba. A canza batir, a saita lokaci, magana ta ƙare. Makamancin haka ya faru a duniya baki ɗaya ranar 30 ga Satumba, 2021, da wa'adin wata tsohuwar takardar tushe da Let's Encrypt ke dogaro da ita ya cika. Na'urorin da aka daɗe ba a sabunta su ba suka wayi gari shafuka da dama sun rufe musu ƙofa, alhali lafiyarsu ƙalau.

Wannan ya kawo mu ga wurin da aikin ya fi wuya, wato manhaja. Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020. Chrome 109, na farkon 2023, shi ne na ƙarshe da ke hawa kansa, Firefox kuma ya tsaya a 115. Windows 10 ma wa'adinsa na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa ya gindaya sharaɗin guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa ta baya-bayan nan, a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas, don haka duk injinan da na ambata a sama an bar su a waje. Tsohuwar burauza tana iya buɗe shafi, amma ɓarakar da aka gano a jikinta babu mai toshewa, kuma shiga asusun banki da ita ganganci ne.

Mafitar da ƙwararru suka riƙe ita ce Linux, tsarin da Linus Torvalds ya faro a Finland a 1991, wanda kyauta ne kuma halal ne kowa ya kwafa. Linux Mint mai fuskar Xfce ko Lubuntu ba su da ci, suna kuma tafiya da sabon Firefox ana sabunta shi a kai a kai. Injin da ya tsufa tukuf akwai antiX dominsa. Wanda duk harkarsa a burauza take, akwai ChromeOS Flex da Google ya fitar a 2022. Abin da ke burge ni shi ne yadda gwani ke bi: daga filashi yake tayar da tsarin tukuna ba tare da ya taɓa kayanka ba, ya gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta, ya ba ka ka taɓa da hannunka. Kuma yakan tambayi sana'arka. Mai shagon zanen katin biki da CorelDRAW yake ci da iyalinsa, shi kuwa ba ya hawa Linux, to ba a yi masa dole. Sai a bar masa Windows don zane, a raba faifan gida biyu, a ce masa in zai shiga intanet ya shiga ta ɗaya gefen. Har yanzu masu wannan ilimin ba su yi yawa a kasuwanninmu ba, kuma ina roƙon iyayen gidan shaguna su sa yaransu su koye shi, domin injinan da Windows ya yasar kullum ƙaruwa suke.

Saura gyaran burauzar kanta, aikin minti goma mai amfanin shekara. A kakkaɓe tarkacen da ke tashi tare da inji, a cire riga-kafin cuta na biyu da ke faɗa da na farko. A sa uBlock Origin, wanda Raymond Hill ya fitar a 2014, ya tare talla da 'yan bin sawu tun kafin su sauko, inji ya huta, data ma ta yi auki. Chrome ya fara rufe wa cikakken samfurinsa ƙofa tun 2024, amma a Firefox yana aiki sosai. Sai YouTube, inda tsofaffin injina suka fi jin jiki. Kwamfutar 2011 tana da sashe na musamman mai warware bidiyon H.264 ba tare da wahala ba, amma YouTube ya fi son aiko da VP9 ko AV1, waɗanda ba ta san su ba, sai furosesa ta ɗauki dakon da kanta har ta yi zafi. Ɗan ƙarin da ake kira h264ify yana sa a aiko mata da wanda ta iya. A haɗa da rage hoton zuwa 480 ko 720, karatun malam ko darasin lissafi ya tafi sumul.

Cikon gwanintar shi ne sanin inda za a tsaya. 'Yar ƙaramar kwamfutar nan mai furosesar Atom da gigabait 1, ko wadda allon injinta ya sha wutar janareta da cajar jabu, ko me aka zuba mata ba za ta biya ba. Mai gaskiya zai ce, "Alhaji, kada ka ƙara ko sisi a kanta, ka tara ka sayi wata." Batirin da ya kumbura kuma ba ya barin ka koma gida da shi a ciki, domin yana iya kamawa da wuta. Amma duk wadda za ta tashi, tayar da ita alheri ne har ga wanda bai san an yi ba. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Mai karatu, in kana da wata a ƙarƙashin gado tana jiran 'yan jari-bola, ka kakkaɓe ta ka kai wa mai gyara. Ka kwafe takardunka da hotunanka a filashi kafin ka miƙa ta. In ya fara da yi maka tambayoyi, zauna, ka zo wurin da ya dace. In kuwa bai ko kunna ta ba ya ce sai fomatin, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.