Wai wace manhaja za mu biya don kallon fim?

Tun da aka shiga yayin kallon fim a waya, ba a rasa wanda zai fito ya jero mana manhajoji: ga Netflix, ga Prime Video, ga Northflix, ga Kallo, ga ta Arewa24, wai ka zaɓi wadda ta yi maka, ka biya kuɗin wata, ka miƙe ƙafa a falo. Jama'a, falon wa? Ina kyautata zaton masu wannan shawarar daga Abuja suke rubutu, inda intanet ke shiga gida ta kebul kuma firji ba ya hutawa. Su zo Dutsin-Ma su kwana biyu, ko su ƙarasa Kurfi, sannan mu ji ko za su maimaita.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fim ɗaya sau uku ake biyan kuɗinsa, amma masu shawara na farkon kawai suke faɗa. Ka biya manhaja, wannan ɗaya. Ka sayi data, biyu ke nan, kuma ita ce uwar kashe kuɗin, don awa guda ta fim mai hoto tangaran tana iya lashe giga ɗaya ba ta ko yi gyatsa ba. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari, kowa ya ji a jikinsa. Na uku caji. Wuta ta zo ko ba ta zo ba, wayar dai sai ta ci, sai ka kai ta shagon mai caji, shi kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 janaretansa ba ruwa yake sha ba. Kamar ka biya kuɗin mota ne, direba ya ce kai za ka sayi mai, a tsakiyar hanya kuma ya ce ka sauko ka tura.

Duk wannan idan akwai sabis ke nan. Kun san yadda ake yi: jarumi ya ɗaga hannu zai yi magana, sai ɗan da'irar nan ya hau juyawa a tsakiyar fuskarsa, yara su yi ta kallonka kamar kai ka tsayar da shi. Shi ya sa da yawa daga cikinmu suka koma masu gadin dare, ana jiran datar dare mai rahusa a sauke fim, da asuba a tashi ido ja wur. Ɗaliban jami'ar tarayya da na kwalejin Isa Kaita sun fi kowa ƙwarewa a wannan fannin, ba don an koya musu a aji ba.

Kuma ba mu manta da 2021 ba. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, ba a dawo da su ba sai wajen ƙarshen shekara. A watannin nan wace manhaja ce ta yi wa wani rana? Wanda ya biya kuɗin wata sai dai ya kalli tambarinta a fuskar waya. Wanda ya riƙe gari da kallo shi ne yaron nan mai kwamfuta a shagon caji, mai tura fim. Ka miƙa masa memori ko waya da 'yan canjinka, ya cika maka ita, ka je gida ka tura wa maƙwabci ta Xender, shi ma ya tura wa ƙanwar matarsa. Ba ya tambayarka imel, ba ya neman lambar katin banki, kuma ya san abin da gidanku ke so fiye da duk wata na'ura: ya san Hajiya Indiya-Hausa take nema, fassarar Algaita, ya san samari faɗa suke so, ya san amarya ta tsaya a kashi na nawa.

To a ce ma ka daure ka biya ta Turawan. Me za ka tarar a ciki? Finafinan Amurka da na Koriya da na Legas jibgi guda, na Hausa kuwa sai ka yi ta lalube. Ka kunna wa tsohuwa fim da rubutun Turanci a ƙasa, ta kalle ka ta ce a mayar mata da Daɗin Kowa. Ga kuma zaman ɗar-ɗar, yatsa a kan maɓalli, don ba ka san abin da zai faɗo a gaban yara ba. Kai, namu ma ba ya iso mu: Mai Martaba, fim ɗin da Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024, a Daura aka ɗauke shi, nan cikin jiharmu. Ku tambayi majalisarku yau da daddare mutum nawa ne suka gan shi.

Na gida fa? Gaskiya sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Northflix ta yi tashe lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe silima aka zaunar da kowa a gida, daga baya Kallo ta shigo. Namu ne, harshenmu ne. Amma su ma biyan ukun nan bai bar su ba, ga kuma rarrabuwa: fim ɗin da kake so yana can, wanda uwargida take so yana nan, na ukun kuma mai shi ya buɗe tasharsa shi kaɗai. Albashi nawa ne zai ɗauki wannan?

Shi ya sa, ina so ba na so, YouTube ce ta cinye gasar. Izzar So a tashar Bakori TV, Labarina na Aminu Saira, duk tun 2020 suke jan jama'a, ba kuɗin wata, sai data da haƙurin talla. Sai dai a nan ma ina da ƙorafi, kuma shi ne dai na ɗazu ya sake riga. Masu shirya dogon zango, don Allah ku ji tsoron Allah a kan datarmu. Mota ta taho, ta yi oda, maigadi ya fito yana gyara hula, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya koma ya buɗe ɗayan, mota ta shiga, Alhaji ya sauko, a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi hanya. Minti biyar sun tafi, labari bai motsa ko taku ɗaya ba, ni kuwa kuɗina ne ke ƙonewa a bakin get ɗin nan. Sannan a ɗauko waiwaye a sake nuna mini abin da na riga na biya na gani makon jiya.

Na sani, za a ce mai tura fim satar fasaha yake yi, kuma irin wannan turin na cikin abin da ya durƙusar da cinikin faifai a kasuwar Ƙofar Wambai. Haka ne, ban musa ba, wanda ya zuba jari ya cancanci ya ci guminsa.

Amma tun da mai tura fim ne ke da jama'a, furodusoshi ku neme shi mana. Ku sayar masa da sabon fim da izini, ku yanka masa nasa kason, mu biya da tsabar kuɗi ko taransifa a wurin mai POS, fim ɗaya kuɗi ɗaya. Masu manhaja kuma ku yi mana tsarin biyan yini ko mako, da hoto marar nauyi wanda sabis ɗin ƙauye zai iya ja. Kafin ku yi hakan, duk wanda ya sake tambayata wace manhaja zai biya, shagon caji zan kwatanta masa, in ce ya tafi da memori mai faɗi.