Yayin jaka mai taya a wurin masu hoton Agege

Wani yayi ya shigo wa samarinmu masu ɗaukar hoto da bidiyo a Agege, kuma na ga ya bazu har Idi-Araba da Mile 12: duk wanda ya ɗan samu sarari, kafin ya ƙara gilashin kyamara ko fitila, jaka mai taya zai fara saya. Baƙa wuluk, da mariƙin ƙarfe da ake zarowa, a ja ta ana taƙama a shiga zauren biki, a ajiye ta inda kowa zai gani. Wannan ban ga laifinsa ba. Sana'armu ta ido ce. Uwar amarya ba ta san bambancin Sony da Canon ba, amma ta san wanda ya zo da shirinsa da wanda ya zubo kayan aikinsa a jakar 'yan makaranta. Inda nake da magana shi ne dalilin da ake bayarwa. Duk wanda ka tambaya sai ya ce maka saboda hawa jirgi ya saya. Ni kuwa a ganina, yawancin jakunkunan nan da ake rububinsu, a filin jirgi suka fi kunyata mai su.

Hawa jirgin dai ya zama dole ga mai hoton da ya yi suna. Bikin 'yan kasuwarmu na nan Kurmi rabinsa a gida ake yi: kamu da sa lalle da ɗaurin aure a Kano ko Katsina ko Sakkwato, sannan a kawo amarya Legas a yi walima. Wanda iyali suka saba da hannunsa shi suke so ya bi bikin daga farko har ƙarshe. Kano a mota tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, a jirgi kuwa awa ɗaya da rabi. Ga filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja nan bakin ƙofarmu, har mun daina ɗaga kai in jirgi ya wuce.

Abin da mai shago ba zai gaya maka ba shi ne, don Amurkawa aka ɗinka jakunkunan nan. Can salon ya samo asali. Wani matuƙin jirgin Northwest Airlines, Robert Plath, shi ya ƙirƙiro akwati mai taya biyu da mariƙin zarowa a 1987, kuma kamfanonin da masu hoto ke kiran sunansu da girmamawa, Think Tank da Pelican da Lowepro, duk a can aka kafa su. Manyan kamfanonin jiragen Amurka girman jakar hannu suke dubawa, ba su cika ɗora ta a sikeli ba. In ta shige ma'ajiyar saman kai, ko duwatsu ka zuba ruwanka. Mu a nan sikeli ne alƙali. Mai ƙaramin tikiti a Emirates ko Qatar Airways ko Ethiopian kilo 7 aka yarje masa ya shiga da shi, a Turkish kilo 8, jiragenmu na cikin gida ma a nan wajajen suke.

To mu yi lissafi. Akwatin Pelican 1510, mai taurin nan da kowane yaro ke mafarkinsa, wayam ɗinsa ya haura kilo 5, da soson cikinsa ya haura 6. Wato ba ka sa ko marfin gilashi ba, rabonka ya kusa ƙarewa. Manyan jakunkunan yadi masu taya su ma kilo 4 zuwa 5 ne. Yanzu kawo kayan biki. Kyamara biyu, kowace tsakanin gram 650 da 900. Gilashin 70-200 mai f/2.8, wanda ba a zuwa ɗaurin aure babu shi, kusan kilo ɗaya da rabi. Na 24-70 kusan gram 900. Ƙara fitila da batura da caja da kwamfutar tafi-da-gidanka. Ka doshi kilo 12 ba ka sani ba, domin taya tana ɓoye nauyi. Abin da kafaɗarka za ta gaya maka tun a ɗaki, taya sai ta rufe ka har gaban kanta.

Na taɓa tsayawa bayan wani yaro ɗan unguwarmu a layin awon kaya. Ma'aikaciyar ta dubi jakarsa ta nuna masa sikeli. Ya ɗora, ta karanta lamba ta girgiza kai.

"Anti, kyamarori ne a ciki, ba za su iya zuwa ƙasa ba," in ji shi.

Ta ce ko ya rage ko jakar ta bi sauran kaya, zaɓi nasa ne, kuma ya matsa gefe akwai mutane. Ya tsuguna a kan tayal ya zuge zif, jama'a na tsallake shi. Ya rataya kyamara ɗaya a wuya, ɗaya a kafaɗa. Dogon gilashin ya naɗe shi a cikin shaddar da zai sa ranar ɗaurin aure ya cusa a leda. Batura ya watsa su aljihun wando har yana ɗingishi. Jakar ta bi bel ta shige da caja da wayoyi kawai a cikinta, ta isa Kano ko ƙwarzane babu, kayan miliyoyin da aka saye ta dominsu kuwa suka yi tafiyar a leda a kan cinya. Ma'aikaciyar ba ta zalunce shi ba, ƙa'idar tana rubuce a tikitinsa.

A ce ma ka tsallake sikeli, saura jirgin kansa. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ba da ma'aunin santimita 56 da 45 da 25, har da taya da mariƙi, amma shawara ce, kowane kamfani da nasa. Kuma ma'aunin takarda daban, ma'ajiyar jirgi daban. In ka dace da Boeing 737 irin na Max Air, jakar da ta cika ƙa'ida za ta shiga. Sai dai sararin samaniyarmu cike yake da ƙananan jirage. Rano Air da United Nigeria da Air Peace duk suna da Embraer 145, mai kujera 50, ɗaya a hagu biyu a dama, ma'ajiyar kaya a gefe guda kawai, ita ma 'yar siririya. Ibom Air da ValueJet suna da CRJ900, Green Africa na da ATR 72. A irin waɗannan, al'ada ce a duk duniya a karɓi jaka mai taya a gindin matakala, a maƙala mata takarda, a kai ta ɗakin kaya. Kana iya sayen tikiti kana sa ran babban jirgi, ranar tafiya a kawo ƙarami. Saboda haka tambayar da nake so mai saye ya yi wa kansa ita ce: in aka ce in miƙa jakar nan yanzu, ina tsaye a rana, mutane na bayana suna tsaki, me zan iya zarewa cikin minti ɗaya, kuma a me zan zuba shi?

Abu na farko da dole ya fito shi ne batir, kuma wannan ba don tsadarsa ba ne. Ƙa'idar jirage ta hana sa batirin lithium da ba ya cikin na'ura a kayan da za a kai ƙasa, domin in ya kama wuta a can babu mai gani. Wanda bai wuce Wh 100 ba ana shiga da shi, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani kuma biyu kacal, sama da haka ba ya hawa jirgin fasinja. Batirin kyamara ƙarami ne, na Sony A7 III bai kai Wh 17 ba, manyan baturan fitilar bidiyo kuma da gangan ake yin yawancinsu a 95 zuwa 99. Inda mutanenmu ke faɗawa shi ne fawabank. Rashin wuta ya koya mana sayen narkeke, alhali mai mAh 20,000 Wh 74 ne, mai 30,000 ya haura 100, mai 50,000 kuwa ya kai 185, ya fita daga layi gaba ɗaya. Tun gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a watan Janairun 2025 aka ƙara tsanantawa, Emirates ma ta hana amfani da fawabank a cikin jirginta daga 1 ga Oktoban 2025. Jakar da baturanta ke warwatse a ƙasan soso, ƙarƙashin kyamara, ba a yi ta don gindin matakala ba. A tara su a 'yar jaka guda, a rufe bakin kowane da salatif, a ɗora ta a sama.

Wani zai ce in kaya sun lalace ai kamfani zai biya. A tafiyar ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade diyyar kaya, kuma daga 28 ga Disamban 2024 iyakarta SDR 1,519 ce, a ma'aunin kuɗin ƙasa da ƙasa, ga kowane fasinja, wajen dala 2,000. Gilashin 70-200 ɗaya, sabo, ya lashe wannan kuɗin. Kuma ko an biya ka, ba a sake ɗaura aure don mai hoto.

Sai hanyar da ke tsakanin ɗakinka da filin jirgin, wadda masu ɗinka jakar ba su taɓa takawa ba. Daga lungunan Zangon Agege zuwa bakin titi akwai kwata, akwai dutse, da damina akwai taɓo. Za ka ɗaga ta ka sa a keke, ka sauke, ka cusa a danfo ko ka hau da ita jirgin Red Line daga tashar Agege zuwa Ikeja. Acaɓa ba zai kai ka ba, Ikeja na cikin wuraren da gwamnatin Legas ta haramta shi a watan Yunin 2022. Mai taya huɗu masu juyawa daɗi gare ta a kan tayal ɗin filin jirgi, amma tayoyin ƙanana ne kuma a waje suke, rami ɗaya ya isa ya ɓalle guda, ga shi suna cinye santimitocin da kaya za su zauna. Mai taya biyu da aka binne a jikin jaka ta fi ƙarko, musamman in da sukurori aka ɗaure su yadda za a iya canzawa. Kuma ko wace iri ce, jan ta a kan hanya mai gargada girgiza kyamara ne, in ka zo wurin ka ɗauke ta a hannu. (Ka kuma goge tayoyin kafin ka shiga da ita ɗakin amarya. Tsofaffin mata ba sa manta wanda ya zana musu layin taɓo a sabon kafet.)

Akwatin roba mai tauri yana da ranarsa, ba na musu. Ƙurar hunturu a hawan Sallah na Zazzau ko Katsina ba ta ratsa shi, ruwan sama ma haka. Amma abin da ya hana ƙura shiga shi ke hana laima fita. Ka rufe gilashi a ciki da danshin Legas ka manta da shi makonni, sai ka buɗe ka tarar fumfuna ta yi saƙa a cikinsa. Mai irin wannan akwati ya riƙa zuba 'yan ƙullin silika masu tsotse laima, yana kuma buɗe shi ya sha iska. Wurinsa na gaskiya ɗakin kayan jirgi ne, ɗauke da fitilu da abin da zai jure jifa, ba saman kan fasinja ba.

Ban ce kowa ya koma goya kaya a baya ba. Duk wanda ya shekara goma yana rataye kyamara ya san abin da gadon bayansa ke gaya masa da asuba, kuma taya rahama ce a dogon zauren filin jirgi. Abin da nake cewa shi ne a sayi ƙarama. Taya biyu, nauyinta wayam kada ya wuce kilo 3. Akwai irinsu, Think Tank ma ta yi Airport Advantage musamman don ƙananan jirage. Kada ta zama mai ihu da tambari a kowane gefe, domin ɓarawo ma ya iya karatu. A cikinta ko a kanta a samu 'yar jakar rataye da za ta ɗauki kyamara biyu da gilashi biyu da batura, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera in an karɓe uwar. Ƙafafun kyamara da sandunan fitila da lema da wayoyi, a naɗe su a tufafi a sa a akwati na gama-gari ya bi ƙasa. A hanyar dawowa kuma katin memori a aljihun gaban riga yake kwana, ba a kowace jaka ba, don kyamara ana sake saye, hoton kamu kuwa sau ɗaya ne.

Ƙannena masu shirin zuwa Computer Village ko shagunan cikin Ikko da kuɗin bikin da suka tara: ku tafi da awon tela da sikelin ƙugiya, irin wanda masu gwangwan ke yawo da shi. Ku auna tsawo har da taya, ku rataya jakar tana wayam ku karanta da idonku. In ta haura kilo 3, ku gode wa mai shago ku mayar masa da kayansa, ragowar kuɗin ku ƙara batir da memori.