Dusar Shinkafa A Madadin Masara: Inda Na Yarda Da Inda Na Ja Baya

Bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin masara ya yi tashin gwauron zabo, masu kiwon kaji da masu turken raguna a ƙasar Kankiya da Kusada suka fara karkata ga dusar shinkafa da tsakinta, kasancewar injinan casa sun yawaita a Arewa tun daga shirin rancen manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, da kuma rufe iyakoki da aka yi a 2019. A ganina akwai maslaha bayyananna cikin wannan sauyi, domin masara a wurinmu tuwo ce, kuma yawancinta daga wajen Funtuwa da Bakori ake kawo mana, mu da gero da dawa suka fi karɓar ƙasarmu. Ba hikima ba ce kaza ta riƙa takara da magidanci a kan kwano guda. Mutanen gabashin Asiya sun daɗe suna ciyar da dabbobinsu da wannan dusar.

Amma fa wajibi ne a san abin da ake saye. Dusa ta haƙiƙa, wato lallausan garin da ke fita yayin goge ƙwayar, ta fi masara sinadarin gina jiki, tana kuma da maiƙo mai yawa, wanda shi ne alherinta, shi ne kuma aibinta, domin in ba ta shinkafar da aka turara ba ce, ba ta jimawa a ajiye cikin zafinmu sai ta yi ɗoyi, dabba ta ƙi ta. Abin da ƙananan injina ke fitarwa kuwa galibi a cakuɗe yake da buntu, wanda ba ya ƙara wa dabba komai face cika ciki. Rago, da yake mai tuƙa ne, yana iya jure wani abu daga ciki idan an haɗa masa da harawa da kowa. Kaza kuwa ba ta da wannan baiwa, sai mai ita ya ga girma ya tsaya, ƙwai ya ragu, ya shiga zargin annoba alhali kuwa yunwa ce.

Saboda haka ban yarda da masu cewa a bar masara ɗungum ba, sai dai a rage ta sannu a hankali, tsaki ya ɗauki mafi yawan gurbinta, dusa ta zama ƙari. Wanda kuma ya niƙa buntu da gangan ya sayar da sunan dusa, to, algus ya yi, hukuncinsa sananne ne a wurin malamai, kuma ya kamata shugabannin kasuwa, tun daga Caranci har Kankiya, su sa a riƙa buɗe buhu ana murza abin da ke ciki a tafin hannu kafin a sallama.