Jinjina ga Masu Karatu da Yatsu

Linzamin kwamfuta bai cika amfanar makaho ba. Madannai ne hanyarsa. A manhajar NVDA, mai karanta rubutun kwamfuta da murya, harafin H yana kai shi kan kanun shafi, K yana kai shi kan mahaɗa, Ctrl kuma yana tsayar da murya nan take. Haddace waɗannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma wanda ya ƙware yakan riga mai ido isa wurin da yake nema.

Michael Curran ya fara manhajar a 2006, James Teh ya kama masa. Dukansu makafi ne 'yan Ostireliya, kuma kyauta suka bayar. Allah ya saka musu.

Masu shagunan kwamfuta na Bachirawa, Panisau da Rijiyar Zaki, ku ɗora NVDA a kwamfutocinku, ku koyar da makafin Ungogo.